Yadda ake gano matsalar karbureta a babur ɗin da ya daɗe a ajiye, da yadda ake gyara ta

A Tawa da garuruwan Adar irin su Keita, Buza da Illela, abu ne da aka saba gani mutum ya jingine babur ɗinsa a zaure ko a ɗakin ajiya bayan an gama girbi, ya tafi bida Abijan, Libiya ko Aljeriya, ba zai dawo ba sai gab da damina, wani ma sai ya shekara biyu. Babur ɗin da aka bari yana tashi da kik ɗaya, sai a dawo a tarar ya ƙi tashi sam, ko kuwa ya tashi ya mutu da zarar an saki totur. A mafi yawan lokuta injin lafiyarsa ƙalau, esansin da aka bari a ciki ne ya lalace, kuma wurin da lalataccen esansi ya fi yi wa ɓarna shi ne karbureta. Bayanin da ke tafe ya shafi babura masu inji 110 da 125 da suka cika titunanmu, waɗanda da yawa daga cikinsu an kwaikwayi injinsu ne daga Honda CG125 da ya fito a 1975 ko daga dangin Honda Cub, karburetocinsu kuma kwaikwayon na kamfanin Keihin ne, masu lamba PZ19, PZ26 ko PZ27 a jiki.

Esansi haɗin sinadarai ne masu nauyi daban-daban. Marasa nauyin, waɗanda su ne ke saurin kama wuta a injin da bai yi zafi ba, su ke fara gudu cikin iska, kuma zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a ɗakin kwano yana hanzarta gudun nasu ƙwarai. Abin da ya rage yakan haɗu da iska ya yi kauri, ya koma ja-ja, daga baya ya bushe ya zama danƙo mai manne wa ƙarfe. Ko man matatar SORAZ ta Damagaram ne, ko wanda ya shigo ta Ƙonni, duk halinsu ɗaya idan sun kwana watanni. Kwanon da ke ƙasan karbureta ɗan mai kaɗan yake riƙewa, kuma yana da ƙofar shan iska, saboda haka shi ke fara bushewa. Idan an bar robine, wato makunnin man da ke ƙasan tanki, a buɗe, tanki zai ci gaba da cika shi yana bushewa, ana ƙara danƙo a kan danƙo har tsawon lokacin ajiyar.

Aikin karbureta shi ne ta gauraya iska da mai a ma'aunin da ya kai kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai bisa nauyi, kuma tana yin haka ta hanyoyi uku da ke karɓar aiki daga juna. Daga ralanti, wato bugun inji ba a murɗa totur ba, zuwa kusan rubu'in totur, ƙaramin jiklar ne ke ba da mai (jiklar ɗan guntun tagulla ne mai siririn rami da mai ke bi ta ciki). Daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu, doguwar allurar da ke rataye a jikin buwaso, wato ƙarfen da ke hawa da sauka idan an murɗa totur, ita ke iko. Daga nan zuwa ƙurewa kuma sai babban jiklar. Wanda ya riƙe wannan rabon aiki a kansa zai iya gane inda cutar take tun bai kwance komai ba.

Kafin a taka kik

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba sabon mai a kan tsohon, a hau taka kik ko a tara yara su yi ta turawa. Yin haka yana wanko tsatsa da danƙon tanki ya kai su cikin karbureta, ya mayar da ƙaramin aiki babba. Ka fitar da babur ɗin waje inda iska ke kaɗawa, ka ɗora shi a kan tsayuwar tsakiya, kuma ka tabbatar babu murhun shayi, taba ko wata wuta a kusa, domin tururin esansi ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya je ya tarar da garwashi a inda ba a zata ba.

Fara da man inji. Zaro ma'auninsa ka duba, ka kuma sansana. Idan ya haura alamar sama, ya tsinke, yana warin esansi, to mai ya ɓalle ta karbureta ya gangara cikin inji lokacin ajiya, kuma lalle ne a yi bidanji kafin a tada shi. Ko da bai nuna haka ba, babur ɗin da ya shekara a tsaye ya cancanci sabon mai.

Bayan haka ka buɗe akwatin filtar iska. Ɓera na son wurin, kuma soson filta da ya tsufa yakan ruɓe, ka taɓa shi ya marmashe a hannunka. Idan aka tada inji a haka, ɓurɓushin nan cikin karbureta zai nufa. Soson da ke da sauran ƙwari a wanke shi da kananzir, a matse ba tare da murɗewa ba, a shanya, sannan a ɗan jiƙa shi da man inji a matse rarar. Filtar takarda ba a wanke ta, ana kakkaɓewa ne ko a canza. Ka leƙa bakin salansa da bakunan ƙananan tiyo ɗin da ke saukowa daga karbureta, saboda zanzaro na gina ɗakinsa na laka a irin waɗannan ramuka. Toshewar tiyon da kwano ke shan iska da shi kaɗai ta isa ta sa babur ya riƙa ambaliyar mai ko ya riƙa shaƙewa, alhali cikin karburetar fes yake, kuma na fi ganin an manta da wannan binciken fiye da kowane.

Daga tanki zuwa bakin karbureta

Buɗe murfin tanki ka sansana, sannan ka mayar da shi. Lalataccen esansi ba ya da kaifin warin sabo, warinsa ya fi kama da na tsohon fenti. Rufe robine, zare tiyon mai daga jikin karbureta, ka saka bakinsa cikin kwalba mai haske, sannan ka buɗe robine a matsayinsa na yau da kullum, daga baya ka juya shi zuwa rizab, wato matsayin da ke jan sauran man ƙasan tanki. A duka biyun ya kamata mai ya zubo a miƙe ba yankewa. Idan ɗigo yake yi, ka buɗe murfin tanki ka gani. In zubar ta ƙaru, ƙaramin ramin numfashin murfin ne ya toshe, in ba ta ƙaru ba, rariyar da ke kan robine a cikin tanki ce ta cika da datti. Ajiye kwalbar na ƴan mintuna. Ruwa ya fi esansi nauyi, don haka zai kwanta a ƙasa a rabe, tsatsa kuma za ta taru a gindi. Babur ɗin da damina ta same shi da rabin tanki yakan tara raɓa a ciki, kuma tun da rizab daga can ƙasa yake ja, shi ke fara kawo ruwan.

Juye tsohon man gaba ɗaya, kada ka yi tunanin tsarma shi da sabo don gudun asara. Idan ka haska tocila ka ga tsatsa, cire tankin, kwance robine, toshe ramin, ka zuba gazuwal kaɗan tare da ƙananan notina da ka ƙirga, ka girgiza sosai ta kowane gefe, ka juye, ka maimaita har abin da ke fitowa ya yi haske, sannan ka ɗauraye da esansi ka tabbatar notinan sun fito cif. Tiyon da ya sandare ko ya tsattsage a canza shi, a kuma sa ƙaramar filtar mai a tsakaninsa, a lura da kibiyar da ke jikinta ta fuskanci karbureta. Man farko da za ka zuba, in na kwalba ne na bakin hanya, ka tace shi da tsabtataccen ƙyalle.

Tabbatar da cewa laifin na karbureta ne

Inji na buƙatar mai, tartsatsi da matsi, kuma rashin kowane ɗaya daga cikinsu zai hana shi tashi. Kwance buji, mayar da shi cikin hularsa, jingina ƙarfensa a jikin inji nesa da ramin buji, buɗe makulli ka taka kik. Tartsatsi mai shuɗi-shuɗi mai ƙara ake so. Bujin da aka fi sa wa irin injin CG125 shi ne NGK D8EA, na 110 kuma C7HSA, tazarar bakinsu tsakanin milimita 0.6 da 0.7. Yawancin waɗannan babura suna ba da tartsatsi da kik ko batir ya mutu, amma akwai waɗanda akwatin wutarsu daga batir yake ci, su kam sai an yi caji. Game da matsi, toshe ramin buji da babban yatsa ka taka kik, ya kamata iska ta ture yatsan da ƙarfi.

Idan biyun nan sun yi, zuba esansi kimanin rabin ƙaramin cokali ta ramin buji, mayar da bujin, ka taka. Injin da ya tashi na ƴan daƙiƙu ya mutu ya gaya maka cewa wuta da matsi suna nan, mai ne ba ya isowa. Sai ka sassauta kusar da ke gindin kwanon karbureta, robine yana buɗe. Idan babu abin da ya fito, puwanto, wato ƙaramin ƙarfen da ke buɗe wa mai hanya ya kuma rufe ta, ya manne a rufe. Wani lokaci ƙwanƙwasa gefen kwanon a hankali da ƙotar turnabis yana sakinsa, kuma babur ɗin da wata biyu ko uku kawai ya yi a ajiye yakan warke da wannan tare da zubar da abin da ke kwanon. Wanda ya wuce haka sai an buɗe.

Kwancewa da buɗewa

Wanke bayan karburetar da buroshi da ɗan esansi tun tana jikin babur, don kada ƙurar hunturun da ta daskare a kai ta faɗa ciki. Ɗauki hotonta da waya ta ɓangarori biyu, domin hanyar da kowane tiyo ya bi tana saurin ɓacewa a kai. Rufe robine, zubar da kwano, murɗe murfin sama ka zaro buwaso tare da allura da sifirin ɗinsa, ka naɗe su da ƙyalle suna rataye a wayar totur don kada allurar ta lanƙwashe. Sassauta ɗaurin robar ɓangaren filta, kwance notina biyu na ɓangaren inji, waɗanda galibi kile 10 ke kama su, ka fitar da ita, ka cusa tsabtataccen ƙyalle a bakin injin. Yi aikin a cikin faranti ko tire, kada ka yi shi a kan rairayi, saboda akwai sassan da in sun faɗi ba za a sake ganin su ba.

Kusoshin kwano masu laushi ne. Zaɓi turnabis ɗin da ya cika bakinsu, ka danna da ƙarfi kafin ka murɗa. Idan kwanon ya manne, bubbuga shi da katako, kada ka zura wuƙa a tsakani ka ɓata bakin da roba ke kwanciya. Ture ƙaramin sandan da flotar ke lilo a kai (flotar ita ce abin da ke yawo a saman man kwano yana tura puwanto ya rufe), ka ɗaga flotar tare da puwanto. A tsakiya za ka ga babban jiklar ɗaure a kan wani dogon bututun tagulla mai ƙananan ramuka a gefe, kusa da shi kuma ƙaramin jiklar, siriri, a cikin nasa rami. Fitar da duka. Bayan bututun akwai wani ɗan guntun zoben tagulla da allura ke ratsawa, yakan faɗo da kansa, ka lura da ɓangaren da ya fuskanci sama.

Kafin ka fitar da kusar gauraya, wato ƙaramar kusar da ke daidaita mai da iska a ralanti, ka murɗa ta ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ta taɓa ƙarshe, ka rubuta adadin. Taɓawa kawai ake so, domin bakinta siriri ne, matsi kaɗan zai karya shi ko ya faɗaɗa mazauninsa. A wasu karburetoci tana fitowa da sifirin, da ƙaramin zoben ƙarfe, da zoben roba, kuma biyun ƙarshe sukan maƙale a cikin rami.

Ƙaramin jiklar

A nan ne yawancin aikin yake. Lambar da ke jikin jiklar irin na Keihin tana nuna faɗin raminsa, ta yadda mai lamba 38 raminsa ya kai kusan milimita 0.38, babban kuwa a inji 125 yakan kasance kusa da lamba 100, wato milimita ɗaya. Danƙon da bai isa ya dami babban ba ya isa ya rufe ƙaramin ruf. Wannan ne dalilin da ya sa babur ɗin da ya daɗe a ajiye yake tashi da cok kawai, wato abin da ake ja ya rage iska don tada inji mai sanyi, ko yake gudu idan an ba shi wuta amma ya mutu a mararraba.

Cire duk wani abu na roba ka ajiye gefe, sannan ka jiƙa jiklar biyun da bututun a cikin diliyan, wato ruwan tsarma fenti, ko maganin wanke karbureta na gwangwani na kimanin rabin awa. Wanda danƙonsa ya yi tauri ya kwana a ciki. Esansi kaɗai ba ya narkar da busasshen danƙo sosai. Bayan jiƙon ka ɗaga ƙaramin jiklar ka leƙa ta cikinsa zuwa haske. Ba ganin haske kawai ake nema ba, ana neman rami mai cikakken zagaye. Idan hasken ya fito a dushe ko da gefe guda a cike, da sauran datti, kuma jiklar da ya buɗe rabi ya fi wanda ya toshe gaba ɗaya wahalar da mai gyara, domin babur zai tashi, a ɗauka an gama, alhali ba zai taɓa zama daidai a ralanti ba.

Abin da za a zura a ramin shi ne silin jan ƙarfe guda ɗaya daga cikin wayar lantarki mai laushi, ko gashin buroshi na roba. Tagullar jiklar ta fi jan ƙarfe tauri, don haka ba zai ci ta ba. Allurar ɗinki da silin wayar kulochi ƙarfe ne mai tauri, suna kankare ramin su faɗaɗa shi, kuma faɗin da ido ba ya gani ya isa ya sa babur ya koma shan mai da baƙanta buji har abada. Ana yawan yin haka a garejin bakin hanya saboda sauri, kuma a ganina ya fi dacewa a sayi sabon jiklar mai lamba ɗaya da a huda tsohon da ƙarfe. Kada ka manta da ƙananan ramukan gefen ƙaramin jiklar da na bututun, ta nan iska ke shiga ta farfasa man kafin ya fita.

Jiklar mai tsabta ba shi da amfani idan hanyar da ke bayansa a toshe take. Fesa magani ta ramin da ƙaramin jiklar ke zama, ka toshe ramin kusar gauraya da yatsa, ka duba cikin maƙogwaron karbureta ta ɓangaren inji: dole ne ka ga maganin yana tsartuwa ta wani ɗan mitsitsin rami ko biyu a ƙasa. Fesa kuma ta ƙananan ramukan da ke bakin ɓangaren filta, kowanne ya fito a wani wuri. Kawar da fuskarka, domin maganin yakan dawo ido. In ba ka da na gwangwani, sirinji mai cike da diliyan yana yin aikin, sannan ka kai gangar jikin wurin mai faci ya hura mata iskar kwampreso, amma sai bayan an cire flotar da dukkan robobi.

Flotar da puwanto

Dubi bakin puwanto. Idan ya yi zobe inda yake zama, ko robar bakinsa ta taurare, ba zai ƙara riƙe mai ba, sai sabo. Ɗan tsinken da ke bayansa ya kamata ya shige ya dawo da kansa idan an danna. Mazauninsa a goge shi da audugar kunne da aka jiƙa da diliyan har ya yi ƙyalli. Flotar ta tagulla a girgiza ta kusa da kunne, in an ji motsin ruwa a ciki ta huje. Bayan ka mayar da su, gwada da baki ta wani tsabtataccen tiyo da ka sa a mashigar mai: karbureta tana tsaye iska ta wuce, ka kifa ta iska ta tsaya cak.

Tsayin man da ke cikin kwano yana shafar dukkan hanyoyin uku. Hanyar aunawa da ba ta buƙatar littafin kamfani ita ce, bayan an ɗaura komai, a sa tiyo mai haske a bututun gindin kwano, a lanƙwasa shi sama a jikin karbureta, a sassauta kusar zubarwa, babur yana tsaye a miƙe. Man zai hau ya tsaya daidai da na ciki, kuma ya kamata ya tsaya dab da layin da kwano ya haɗu da gangar jiki, ko ƙasa da shi kaɗan. Idan flotar tana da harshen ƙarfe ana lanƙwasa shi kaɗan-kaɗan don gyara, idan ta roba ce gaba ɗaya ba a lanƙwasa ta, puwanto ko ita kanta ake canzawa.

Ɗaurawa da saiti

Mayar da komai yadda ya fito, jiklar a ɗaure su da yatsu biyu kawai. Robar bakin kwano da ta baje ko ta tsinke a canza ta, kada a shafa gam, saboda esansi na narkar da shi ya koma cikin jiklar. Dubi robar da ke tsakanin karbureta da inji, ka lanƙwasa ta ka ga ko ta tsage, tare da zoben robar da ke fuskar karburetar. Wajen mayar da buwaso a kula ƙwarai: dogon tsagin da ke gefensa ya hau kan ɗan ƙarfen da ke cikin ramin, yankakken gefen gindinsa kuma ya fuskanci filta. Buwason da aka sa a juye yana tsayawa a sama, kuma injin zai tashi da cikakkiyar wuta. Murɗa totur ka saki, ka ji ƙarar saukarsa har ƙasa, ka kuma bar wa hannun totur wasa na milimita 2 zuwa 6.

Mayar da kusar gauraya kan adadin da ka rubuta; in ba ka da shi, fara da zagaye ɗaya da rabi. Buɗe robine, jira minti ɗaya, duba ko akwai ɗigo, ja cok, ka taka ba tare da murɗa totur ba. Kada ka taɓa saiti sai injin ya yi zafi, wato bayan tafiyar minti goma, cok a buɗe, filta a ɗaure. Sannan ka ɗan ɗaga ralanti da babbar kusar da ke tura buwaso, ka koma kan kusar gauraya kana juya ta rubu'in zagaye kana jiran ƴan daƙiƙu, har ka sami wurin da injin ya fi sauri da daidaituwar sauti. Idan kusar tana ɓangaren inji, mai take aunawa, fitar da ita na ƙara mai. Idan tana ɓangaren filta, iska take aunawa, fitar da ita na rage mai. Daga nan ka sauke ralanti zuwa kusan zagaye 1,400 a minti, inda injin ke bugawa a natse ba ya neman mutuwa. Idan ka juya kusar ciki da waje injin bai canza sauti ba, ko bai gyaru ba sai da ta wuce zagaye uku, hanyar ƙaramin jiklar ba ta buɗe ba tukuna. A sake kwancewa, domin ba a gyara datti da kusa, kuma ɗaga ralanti sama don ɓoye matsalar yana sa giya ta riƙa shiga da ƙara, kulochi kuma ya ci wuya.

Karanta abin da ya rage

Idan ralanti ya ƙi sauka da wuri bayan an saki totur, ko yana hawa da sauka da kansa, iska ce ke satar shiga. Fesa ɗan ruwa a kewayen robar da ke tsakanin karbureta da inji yana aiki, inda sautin ya canza nan ne tsagin yake. Idan salansa na harbi lokacin da aka saki wuta a guje, mai ya yi kaɗan a ƙaramar hanya, ko kuwa bakin salansa na shan iska a inda ya haɗu da inji. Babur ɗin da ke tafiya daidai a cikin gari amma ya shaƙe idan an ƙure totur, a duba babban jiklar. Wanda kuma ke gudu na ɗan lokaci ya mutu, ya huta ya sake tashi, mai ne ba ya cika kwano da sauri, a koma kan murfin tanki, robine da filtar mai. Baƙin hayaƙi da warin ɗanyen mai na nuna cok da bai buɗe duka ba, filtar da aka cika wa mai, ko tsayin mai da ya wuce ƙima.

Bayan tafiyar kilomita goma ko fiye, kwance buji ka duba farin bakinsa. Ruwan ƙasa mai haske shi ne daidai, baƙi mai gari mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan. Na ƙarshen ya fi haɗari. Masu kabu-kabu da yawa sukan ce wa makanike ya rage wa babur shan mai, shi kuma ya sauke allura ta hanyar mayar da ɗan makullinta tsagin sama. Allurar tana da tsagi biyar a yawancin waɗannan karburetoci, kamfani kuma galibi a na tsakiya yake barin makullin. Injin da iska ke sanyaya shi, idan aka ƙuntata masa mai aka kuma ɗora masa mutum biyu da kaya a hanyar Abalak da rana tsaka, zafin da zai yi na iya ƙona supap, wato ƙarafan da ke buɗewa da rufe ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi a kan inji, ko ya kama fistan, kuma kuɗin wannan gyara ya ninka abin da aka tsimi a tasha. A bar makullin a inda aka same shi sai in launin buji ya nuna akwai dalili.

Idan an tsabtace komai sau biyu babur yana nan da wuyar tashi da safe, a auna tazarar supap injin yana sanyi, milimita 0.08 ga irin CG125, kusan 0.05 ga 110. Tsofaffin Yamaha masu inji mai bugu biyu, irin su Mate da DT, suna da ƙarin abubuwa biyu: a tabbatar famfon da ke ba su man gauraya yana aiki kafin a hau, kuma robobin gefen kirankishaf ɗinsu na bushewa a ajiya su jawo iska, abin da ke kama da ciwon karbureta ba shi ba ne.

Game da sayen sabuwa, ina ganin ana gaggawar jefar da ta asali. Matuƙar gangar jikinta ba ta tsage ba, buwaso ba ya girgiza a raminsa, kuma farin gari na ruɓar ƙarfe bai cinye mazaunin jiklar ba, wadda ta zo da babur ta fi dacewa da injinsa fiye da ta kasuwa da ba a san lambar jiklar ɗinta ba. Idan dole ta sa aka saya, a gwada faɗin maƙogwaro da tazarar notina, a kuma mayar da jiklar na tsohuwar cikin sabuwar in zarensu ya yi daidai.

A makon farko ka riƙa sassauta kusar gindin kwano kana zubar da ɗan mai a murfin kwalba, domin sauran dattin tanki na ci gaba da saukowa. Ranar da za ka sake ajiye babur ɗin kuwa, rufe robine injin yana aiki har ya mutu da kansa, zubar da abin da ya rage a kwano, juye tanki idan tafiyar za ta wuce wata uku ka ɗauraye cikinsa da ɗan man inji da aka tsarma da esansi don hana tsatsa, zuba ƙaramin cokalin man inji ta ramin buji ka taka kik sau biyu ko uku, cire batir, sannan ka ɗaure bakin salansa da mashigar filta da leda. Ka gaya wa wanda ka bar wa makulli cewa tada shi na minti biyu a tsakar gida kowane wata ba ya amfana masa komai, sake cika kwanon kawai yake yi da man da zai bushe. In zai tada shi, ya hau shi ya yi tafiyar da injin zai yi zafi, ya kuma zubar da kwanon kafin ya mayar da shi ɗaki.